18 ga Yuni: Daga Liverpool har Daura

A Kornaka tsakiyar watan Yuni ba lokacin duban kalanda ba ne. Ido na gabas, ana dakon hadari. Wanda ya yi binne yana addu'ar kada iri ya ƙone a ƙasa, wanda bai yi ba ya gyara sungumi ya jingine a bakin zaure. In ka tare manomi a kan hanyar Dakoro ka tambaye shi yau nawa ga wata, na Musulunci zai ƙirga maka, ko ya ce maka kwana kaza ke nan da ruwan farko. Amma a tarihin kiɗa ranar 18 ga Yuni ta ɗauko kaya masu nauyi, ɗaya daga ciki kuma namu ne. Ranar aka haifi Paul McCartney a 1942. Ranar Jimi Hendrix ya cinna wa jitarsa wuta a gaban jama'a a 1967. Ranar kuma, a 1999, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa.

Gidajen rediyon Turai da Amurka suna da wata al'ada: kowace safiya sai an karanto abin da ya faru a fagen kiɗa a rana mai kamar ta yau, wane aka haifa, wane faifai ya fito, wa ya hau dandamali a wane gari. Na farko da na biyu ba sa wuce su. Na ukun ba ya cikin lissafinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Mu ya kamata mu rubuta shi.

McCartney ɗan Liverpool ne a Ingila, uwarsa ungozoma, ubansa dillalin auduga mai taɓa kiɗa in ya tashi aiki. Shi da John Lennon da George Harrison da Ringo Starr su ne Beatles, ƙungiyar da ta juya kiɗan samarin duniya daga 1963 har ta watse a 1970. Bahago ne, da hagu yake kaɗa jitarsa mai kaurin murya. Gidan da ya tashi a ciki yana nan a adane, ana biyan kuɗi a shiga a ga ɗakin da suka riƙa zama suna haɗa waƙa.

Abin da ya fi shafar mu a labarinsa ya faru ne a Legas. A daminar 1973 ya sauka can da matarsa Linda da abokin kiɗansa Denny Laine don ɗaukar faifan Band on the Run a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin EMI da ke Apapa. Tafiyar ba ta zo masa da sauƙi ba. Wani dare 'yan fashi suka tare su da wuƙa suka karɓe kayansu, har da kaset ɗin da ya zuba gwajin waƙoƙin a ciki. Sannan mawaƙi Fela ya fito fili ya ce Baturen nan ya zo satar kiɗan baƙar fata ne. Sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da suka ɗauka, ya ji da kunnensa babu kiɗan Afirka a ciki, kafin ƙura ta lafa. A wannan karon zargin Fela bai tabbata ba, amma tsoronsa yana da tushe. Kiɗan da ba a rubuta sunan mai shi ba, kowa ya tsinta nasa ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hendrix ma a 1942 aka haife shi, a birnin Siyatil na Amurka, shi ma bahago. Jitar na-dama yake ɗauka ya kifa ta, ya sake jera tsirkiyoyinta yadda hannunsa ke so. Ya yi shekaru yana yi wa wasu kiɗa a baya, irin su Little Richard, ba wanda ya san da zamansa a ƙasarsu, har aka ɗauke shi zuwa Landan a watan Satumba na 1966. Can ya yi suna cikin 'yan watanni. Da aka tashi shirya babban bikin kiɗa na kwana uku a Monterey ta jihar Kalifoniya, daga 16 zuwa 18 ga Yuni 1967, McCartney yana cikin waɗanda aka nemi shawararsu, shi ne kuma ya dage lallai a gayyato Hendrix. Haka ƙaddara ta sa ranar da McCartney ya cika shekara 25 ita ce ranar da mutumin da ya tsaya wa ya koma gida da girma.

Daren Lahadi ne, daren rufe taro. A lokacin duniya tana cikin wani hali: yaƙin kwana shida na Larabawa da Isra'ila bai daɗe da ƙarewa ba, a Nijeriya Ojukwu ya riga ya shelanta Biyafara ana jiran tashin yaƙi, mu kuma nan Nijar Diori Hamani ke mulki. Hendrix ya kaɗa jita da haƙora, ya kaɗa ta ta bayan ƙeya, ya sa ta yi kuka da gurnani irin wanda Amurkawa ba su taɓa ji ba. Da ya zo ƙarshe ya shimfiɗe ta a ƙasa, ya durƙusa, ya tsiyaya mata man ƙyastu, ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi, ya ɗauke ta ya rotsa, ya watsa wa 'yan kallo gutsattsarin.

A wannan ranar da rana, Ravi Shankar na Indiya ya yi nasa kiɗan a wurin, kuma abin da ya gani da dare ya ɓata masa rai ƙwarai, don a wurinsa kayan kiɗa abin girmamawa ne. Ni ina tare da shi. Ba a taɓa yin makaɗi a ƙasar Hausa da zai ƙona kalangunsa ko gurminsa don ya burge taro ba. Abin da ka gada wurin ubanka, kake ciyar da iyali da shi, ka san sassaƙin icensa da wanda ya ɗaura masa fata, ba ka haɗa shi da wuta. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Hendrix ya taɓa ƙona jita kafin nan, a wani zauren wasa a Landan ranar 31 ga Maris na shekarar. Wannan kusan an manta da shi. Na Monterey ya zauna daram don akwai masu ɗauka: D. A. Pennebaker yana naɗar fim, wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Ed Caraeff kuma yana gaban dandamali da kyamara, ya ɗauki hoton da har yau ake bugawa. Hendrix ya rasu ranar 18 ga Satumba 1970 yana da shekara 27, amma wanda aka haifa jiya ma zai iya zama ya kalli daren nan daga farko har ƙarshe.

Kuma an kalla, har a cikin hamadarmu. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, yaron Agadas ne da tawayen farkon shekarun 1990 ya kora gudun hijira. A zamansa na Aljeriya da Libiya shi da abokansa sun riƙa maimaita bidiyon Hendrix da na Mark Knopfler suna kwaikwayon yadda yatsu ke tafiya, ya haɗa wannan da salon Abzinawa da ya taso a ciki. Faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar lambar Grammy, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Da ba a naɗi hannun Hendrix ba, da ba abin da yaron zai kalla.

Labarin Mdou Moctar ya fi kusa da mu, don mutumin arewacin jihar Tawa ne, wajen Cintabaradan da Abalak, maƙwabtan Dakoro. Shi ne bahago na uku a wannan zance. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya tsallaka zuwa Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Faifan bai shiga kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da katin memori, har Mali, mutane na ji suna rausayawa, da yawa ba su san ko muryar wa ce ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin a wayoyin mutane, ya sha wahalar cigiya kafin ya gano mai ita, ya sa ta cikin faifan da ya fitar na kiɗan wayoyin Sahara. Daga nan ƙofa ta buɗe, yau Mdou yana cika zauruka a Turai da Amurka. To amma a duba: waƙarsa ta riga sunansa tafiya da shekaru, kuma da baƙon nan ya gaji da nema, da shi ke nan. Makaɗa nawa ne muryarsu ke cikin wayoyinmu yanzu haka a ƙarƙashin lamba kawai, babu suna babu gari?

Sai Shata. Ban san ta inda ake fara yi wa Bahaushe bayanin Shata ba, don tun kafin mu san hannun damarmu muryarsa ke cikin kunnenmu, daga rediyon Kaduna, daga kaset ɗin direbobin da ke ɗauko mu daga Maraɗi, daga teburin mai shayi. Ɗan Musawa ne a ƙasar Katsina. Mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ya yi waƙa ba, don a ganinsa roƙo ce, kuma ba gadon gidansu ba ce. Yaron ya yi tallan goro, ya riƙa waƙa a dandali don nishaɗi, daga baya abin ya fi ƙarfin hani. Ya zauna Bakori, ya zauna Kano, ya kafa gida a Funtuwa. Ba ya zama ya tsara waƙa a ɗaki. Makaɗa za su matse kalangu a hammata, ya ba 'yan amshi abin da za su riƙe, sai ya hau kai yana zubawa nan take, kuma in ya sake yin waƙar gobe ba za ta fito daidai da ta yau ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji, ya yi wa manoma, har kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969 sai da ya yi wa waƙa. Bakandamiyarsa kuwa ita ce inda ya faɗi ko shi wane ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988.

Ya rasu ranar Juma'a a asibiti a Kano, mako uku da rantsar da Obasanjo, mu kuma nan wata biyu da 'yan kwanaki da kisan Shugaba Bare, Wanke na riƙe da ƙasa. Aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Ina tuna yadda labarin ya same mu da dare ta rediyo. Mai shayi ya ajiye buta, wani dattijo ya yi salati ya ce, "Yau kalangu ya yi maraici." Daga nan aka shiga musu kan shekarunsa, wannan ya ce ya haura tamanin, wancan ya ce bai kai ba, aka watse ba a daidaita ba.

Musun nan shi ne zancen. McCartney an san ranar haihuwarsa da asibitin da aka haife shi. Kowace waƙar Beatles an san ranar da aka ɗauke ta, da sau nawa aka maimaita kafin ta yi, da wanda ya zauna a gaban na'ura. Shata kuwa, wanda ya yi sama da shekara hamsin yana waƙa, shekarar 1923 da ake rubuta masa masu bincike ne suka tsayar da ita bayan bin dattawa da tambaya, ba rana ba wata. Adadin waƙoƙinsa shi kansa bai riƙe ba. Kuma Shata mai sa'a ne. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana tun 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah a 2006, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. In wanda ya samu wannan gata haka lamarinsa yake, ina ga makaɗin ƙauye?

Ba wai ba mu da hanyar riƙe lokaci ba ne. Muna da ita, mai kyau ma. A ƙasar Maraɗi in aka ce an haifi yaro shekarar El-Buhari, kowa ya san yunwar 1984 ake nufi, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya. Ana cewa shekarar fara, shekarar kwalara, shekarar da aka gina rijiya kaza. Iyayenmu da yawa takardarsu cewa take an haife su wajen shekara kaza, in an matsa a liƙa musu 1 ga Janairu. Wannan lissafi yana aiki muddin waɗanda suka ga abin suna raye. Ranar da suka kau, shekarar fara ta zama magana kawai, don fara ta zo ba sau ɗaya ba.

Akwai wani tsohon makaɗin noma a wani ƙauye da ke gefen Gulbin Kaba, inda goriba ta yi yawa. Gangarsa na rataye a jikin rumbu, fatar ta saki, igiya ɗaya ta tsinke an ɗaure da tsumma. Na gaishe shi na ce, "Baba, wace shekara ka fara kiɗa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa ke ƙirga wannan? Ina dai riƙe wa babana ganga tun ban kai in ɗauki kwashe ba." Da aka sauko da gangar ya gwada, hannun na rawa amma bakin bai manta ba. Ya jero kirarin manoma ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan ubansa da gonarsa da damman da ya taɓa ɗaurewa, ya faɗi wanda ya ci gayyar wane, da wanda ya faɗi a tsakiyar kunya don zuciya. Matan gidan suka fito suna saurare, wata ta ji sunan kakanta ta rufe fuska da gyale. 'Ya'yansa maza duk suna ci-rani, babu wanda ya koyi kiɗan, gayya ma yanzu ta zama sai jefi-jefi. Ɗan ƙanena ya ɗauka da waya, muka samu takarda muka rubuta sunansa da na ubansa da garin da ranar. Abin bai ci mana ko dala ba.

Na san akwai masu cewa kiɗa ba abin adanawa ba ne, wasu don addini, wasu don raina makaɗi. Ba zan yi jayayya da malamai a kan hukunci ba, fagensu ne. Abin da nake cewa shi ne waƙoƙin nan rumbun tarihi ne ko da mutum ba ya sauraren kiɗa. A cikinsu ake jin jerin sarakuna, da sunayen rijiyoyi da burtali, da yunwar da aka sha da wanda ya buɗe rumbunsa ya ciyar. Kornaka kuma mahaɗa ce. Bahaushe manomi, Bafillace makiyayi da Ba'abzine sun daɗe suna shan ruwa a rijiya ɗaya, ga marigayi Sanusi Tambari Jaku nan, ɗan garin, wanda shi kansa jinin Abzinawa ne da Hausawa. Gangar noma da sarewar Fulani da tenden matan Abzinawa duk ana jin su a ƙasa guda. Wanda ya naɗi wannan da suna da rana ya rubuta tarihin zaman tare da babu shi a kowane littafin lakwal.

Abin tsoro shi ne muna ganin kamar waya ta raba gardama. Kaset ɗin da, da duk wahalarsa, yana da kwali. In zaren ya harɗe sai a sa bik a juya a hankali, in ya tsinke a liƙa, kuma a jikin kwalin akwai hoton makaɗi da sunansa. Katin memori bai kai farcen yatsa ba, yana ɗaukar waƙa dubu, ranar da ya ƙone ko wayar ta faɗa rijiya duk sun tafi tare. Mai tura waƙoƙi a kasuwa ba ruwansa da wa ya yi, yaushe aka yi, cika kati kawai yake a biya shi. Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda faifansu da Musa Pusi, Niamey Twice, ya fita a Turai a 1994, da Hamsu Garba da ta rasu a Disamban 2022, waƙoƙinsu na nan a wayoyi birjik, amma ka tambayi matashi wace shekara aka yi wacce, a wane taro, su wa ke amshi, sai ya ɗaga kafaɗa.

Wuraren ajiya kuwa akwai su. Cibiyar CELHTO a Yamai tun 1968 aikinta ke nan, tattara tarihin baka. Akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, akwai gasar Ɗan Gurmu da ake yi a Tawa, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi kusa da mu. A Gini wani mai bincike, Graeme Counsel, ya zauna a ma'ajiyar gidan rediyon ƙasar ya kwafe dubban waƙoƙi daga tsofaffin zarurruka kafin su ruɓe, da tallafin babban ɗakin karatu na Birtaniya. Amma waɗannan cibiyoyi ba za su san da tsohon da ke gefen Gulbin Kaba ba sai wani ɗan garin ya kai musu. Aikin na mushen lakwal ne da ɗalibansa a lokacin hutu, da ma'aikacin rediyon karkara, da duk mai waya a aljihu. A nemi izinin makaɗi, a ɗauka, a rubuta sunansa da na wanda ya koya masa, da 'yan amshinsa, da wanda aka yi wa waƙar da dalili, da gari da rana. A bar kwafi ɗaya wurin iyalinsa, don in wata rana abin ya kawo kuɗi a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ɗaya a ofishin magajin gari, ɗaya a miƙa jami'a.

An taɓa yin irin wannan a ƙasar nan kuma ya yi amfani. Malam Mamman Barka, malamin makaranta ɗan Teskar da ya yi suna da gurmi, ya ji cewa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma masunta a tafkin Cadi, saura mutum ɗaya tak da ya iya shi, wani tsoho mai suna Bukar Tar. Da tallafin UNESCO ya tattara ya tafi can ya zauna a gabansa ya koya, tsohon ya danƙa masa biram ɗinsa kafin ya rasu. Barka ya fitar da faifan biram a 2009, ya kaɗa shi a Turai, shi ma ya rasu a watan Nuwamba na 2018.